Fear the Walking Dead: me ya sa masoyansa suka rabu gida biyu, kuma ta ina ya kamata a kama shi?

Tambayar da ke yawan tasowa tsakanin masu kallon finafinan Amurka masu dogon zango ita ce: wanda ya gama The Walking Dead, ko ya gaji da shi a hanya, akwai wani sabon abu da zai tarar a Fear the Walking Dead, ko ɗumame ne aka sauya wa kwano? Wani zai rantse maka cewa zango na 3 na Fear ya fi yawancin abin da uwar, wato The Walking Dead, ta yi. Wani kuma zai ce kada ka ɓata datarka. Dukkansu suna da hujja, domin ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Fim biyu ne aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma an raba su ne a shekarar 2018. Wanda bai san da wannan ba, ko dai ya yar da fim ɗin tun bai kai ga daɗinsa ba, ko ya yi ta binsa yana jiran abin da ba zai dawo ba.

Za a ambaci mutuwar wasu taurari a nan, domin babu yadda za a yi bayanin saɓanin ba tare da hakan ba.

Kalmomi uku da ake rikitawa

Ta farko ita ce zombi. Ba fatalwa ba ne, domin fatalwa ba ta da jikin da za a taɓa. Ba aljani ba ne, ba kuma maye ba, domin waɗannan suna da wayo da niyya. Zombin wannan fim gawa ce da wani ɗan ɓangare na ƙwaƙwalwarta ya sake tashi, sai ta riƙa tafiya tana neman nama mai rai. Ba ta magana, ba ta tuna kowa, ba ta jin zafi. Kalmar ta shigo finafinai ne daga Haiti, inda tatsuniyar mutanen ƙasar ke cewa boka na iya tayar da mamaci ya mai da shi bawa mai aikin gona, labarin da ke da tushe a zamanin bautar gonakin rake. Siffar da aka sani yau, ta gawa mai cin mutane, ta samo asali ne daga fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead. Wani abin lura shi ne a duniyar The Walking Dead mutane ba su san kalmar ba sam. A uwar ana kiran gawarwakin masu tafiya, a farkon Fear kuwa ana kiransu masu ɗauke da cuta, domin a lokacin kowa yana zaton rashin lafiya ce da za a samo wa magani.

Ta biyu ita ce abin da ake fassarawa da "ƙarshen duniya". Ba tashin ƙiyama ake nufi ba, kuma fim ɗin bai yi da'awar hakan ba. Rushewar tsarin rayuwa ake nufi: wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, famfo ya ƙafe, asibiti ya zama wurin da ya fi ko'ina haɗari, 'yan sanda da sojoji sun watse, kuɗi ya zama takarda. Labari ne ƙagagge da ke tambayar me zai rage a halin mutum idan aka cire duk waɗannan.

Ta uku ita ce reshe. Fim ɗin reshe shi ne wanda ya tsiro daga jikin wani, yana zaune a duniya ɗaya da shi, dokokinsu ɗaya, amma mutanensa da wurinsa daban. Saboda haka Fear ba zango na 12 na The Walking Dead ba ne, ba kuma ci gabansa ba. Labarinsa ma ya riga na uwar farawa. Makonnin da Rick Grimes, jarumin uwar, ya yi a sume a gadon asibiti a jihar Jojiya, duniya na rushewa bai sani ba, su ne Fear ya ɗauko ya nuna daga ɗaya gefen ƙasar, a Los Angeles.

Dokokin cutar

Wanda bai riƙe waɗannan ba zai ga kamar mutanen fim ɗin suna yin wauta, alhali yawancin kuskurensu na farko daga rashin sanin dokokin ne.

Kowa yana ɗauke da ƙwayar, har masu lafiya. Duk wanda ya mutu, ko da hatsarin mota ne ko ciwon zuciya, zai tashi muddin ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba. Cizo ba shi ke sa ƙwayar a jiki ba. Abin da yake yi shi ne jawo zazzaɓi mai tsanani da ke kashe mutum, mutuwar kuma ita ke tayar da shi. Shi ya sa idan cizon a hannu ne ko ƙafa, aka yanke gaɓar nan take, mutum na iya rayuwa, kamar yadda aka yi wa Hershel a zango na 3 na uwar. Idan a wuya ne ko ciki, sai haƙuri. Likitan cibiyar yaƙi da cututtuka ta Atlanta, Edwin Jenner, ya faɗa a zangon farko na uwar cewa tashin yana ɗaukar daga minti 3 zuwa awa 8.

Harbi a ƙirji ba ya tsayar da gawa, sai an lalata ƙwaƙwalwa. Ƙara da haske da motsi suna jan su, saboda haka bindiga tana kashe ɗaya ta kira ɗari. Wannan ne dalilin da ya sa waɗanda suka daɗe suke komawa ga wuƙa da gatari da sanda. Wanda ya shafe jikinsa da jinin gawa zai iya ratsa tsakiyarsu ba su kula shi ba, amma ruwan sama na wanke dabarar. Gawa ɗaya ba abin tsoro ba ce ga mai natsuwa. Garke shi ne bala'i, domin nauyinsa kaɗai yana karya shinge.

Wani abu da mutane da yawa suka shiga Fear suna nema ba su samu ba shi ne asalin cutar. Fim ɗin bai taɓa faɗa ba, kuma Robert Kirkman, wanda ya ƙirƙiri labarin a mujallar zane tun 2003, ya daɗe yana ƙin bayyanawa. Ishara mafi kusa ta zo ne a wani reshen, World Beyond, a 2021, inda aka nuna wani ɗakin gwaji a Faransa da rubutu a bango mai cewa a nan matattu suka samo asali.

Abin da ya sa aka haifi reshen

Kasuwa ce ta fara kiransa. The Walking Dead ya fara a tashar AMC ranar 31 ga Oktoba 2010, kuma kashin farko na zangonsa na 5 a 2014 ya tara masu kallo miliyan 17.3 a Amurka. A daidai lokacin sauran manyan finafinan tashar suna ƙarewa: Breaking Bad a 2013, Mad Men a 2015. Waɗannan biyun ma ba mallakarta ba ne, na kamfanonin Sony da Lionsgate ne. The Walking Dead kuwa nata ne, ribarsa na shiga aljihunta. Ga shi yana fitowa ne daga kaka zuwa bazara, sauran watannin tashar na zaune hannu rabbana. Reshe shi ne hanyar cike giɓin.

Kirkman da Dave Erickson suka tsara shi, aka fara nuna shi ranar 23 ga Agusta 2015. Mutum miliyan 10.1 suka kalli kashin farko, adadin da babu sabon fim ɗin tashar kebul da ya taɓa buɗewa da shi kafin nan. Ya yi zango 8, kashi 113, ya ƙare ranar 19 ga Nuwamba 2023.

Fim na farko: zango na 1 zuwa na 3

Bambancin Fear da uwarsa tun daga zaɓen mutane ya fara. Uwar ta buɗe da ɗan sanda mai bindiga, da mafarauci mai kwari da baka. Fear ya buɗe da Madison Clark, mai ba ɗalibai shawara a makarantar sakandare, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu; da Travis Manawa, malamin Turanci da ke shirin aurenta, shi ma da ɗansa Chris da tsohuwar matarsa Liza. Gida ne da tun kafin annoba yake tangal-tangal.

Mutum na farko da ya ga gawa tana cin mutum shi ne Nick, ɗan Madison, wanda shan ƙwayar heroin ya gama da shi. Ya farka a wani kangon coci da 'yan shaye-shaye ke kwana, ya ga budurwarsa tana cin naman wani, ya ruga titi mota ta buge shi. Babu wanda ya yarda da shi, shi kansa yana zaton ƙwaya ce ta juya masa kai. Wannan zaɓi ne mai zurfi. Mai gaskiya na farko shi ne wanda kowa ya riga ya daina saurara, kuma daga baya shi ne ya fi kowa iya zama a sabuwar duniyar, domin ya saba kwana a kango, ya saba yunwa, ya saba neman abu a wurin miyagu. Yawo da yake yi cikin garken gawa, jikinsa shafe da jini, yana daga cikin hotunan da ba a mantawa da su.

Zangon farko kashi 6 ne kacal. Yana tafiya a hankali da gangan: ɗalibai na raguwa a aji, bidiyon 'yan sanda suna harbin mutumin da ya ƙi faɗuwa yana yawo a waya, zanga-zanga ta ɓarke saboda jama'a sun ɗauka kisan gilla ake yi. Mai kallo ya san abin da ke tafe, mutanen ciki ba su sani ba, tsoron daga nan yake fitowa. A cikin tarzomar ne Travis ya fake a shagon wani mai aski, Daniel Salazar, ɗan El Salvador mai sanyin magana, wanda daga baya aka gane cewa azabtar da mutane ne aikinsa a yaƙin basasar ƙasarsu. Rubén Blades, mawaƙin nan ɗan Panama da ya taɓa riƙe ministan yawon buɗe ido a ƙasarsa, shi ya hau wannan matsayi, kuma samun wanda ya fi shi a duk rassan zai yi wuya.

Sojoji suka kewaye unguwar da waya suka ce tudun mun tsira ne. Daniel bai yarda ba, domin ya taɓa ganin yadda ake kwashe mutane a mota ba su dawo ba. Ya kama wani soja ya tatse shi da aska, har ya ji cewa akwai umarni mai suna Cobalt: sojoji su janye, a kashe fararen hular da ke hannu. Don ya ceto matarsa sai ya buɗe wani filin wasa da aka kulle gawarwaki kusan 2,000 a ciki, ya kora su kan sansanin. A nan fim ɗin ya nuna alƙiblarsa. Waɗannan ba jarumai ba ne. Mutane ne da za su halaka gari don su fitar da nasu.

Akwai kuskure ɗaya a zangon da ya cancanci a faɗa. Tsakanin kashi na 3 da na 4 an tsallake kwana 9, kuma a cikinsu ne birnin ya faɗi. Abin da aka yi wa masu kallo alkawari, wato ganin rushewar da idonsu, sai aka bar shi a bayan shinge. Da yawa daga nan suka juya baya.

Zango na 2 kashi 15 ne, kuma shi ne mai hawa da sauka. Rabin farko a kan teku yake, cikin jirgin ruwan alfarma mai suna Abigail na Victor Strand, ɗan kasuwa mai zaƙin baki da ba a taɓa sanin inda ya dosa. Colman Domingo ne ya fito a matsayin, shekaru kafin a sa sunansa a takarar Oscar sau biyu. An ɗauki wannan ɓangare a Baja Studios da ke Rosarito a Meziko, wurin da aka gina domin Titanic. Darasin tekun a bayyane yake: ruwa ya raba ka da gawa, bai raba ka da mutane ba, kuma duk wanda ka ɗauka a hanya baki ne da za a ciyar. Da suka sauka Meziko sai labarin ya taɓo abin da uwar ba ta cika damuwa da shi ba, wato yadda al'ada da imani ke sauya kallon da ake yi wa mamaci. Celia ta tara gawarwakin 'yan'uwa a ɗakin ƙasa tana ciyar da su, domin a wurinta ba su tafi ba. A Tijuana wani mai sayar da magani, Alejandro, ya riƙe unguwa guda da da'awar cewa an cije shi bai mutu ba. Raunin zangon shi ne Chris, wanda lalacewarsa ta zo da gaggawa fiye da yadda aka shimfiɗa ta.

Zango na 3 shi ne dalilin da ya sa har yau ake kare wannan fim. Gawa ta koma gefe, rigimar ta zama ta ƙasa da ruwa. Iyalan Madison sun faɗa wata gona mai suna Broke Jaw kusa da iyakar Kalifoniya da Meziko, mallakar Jeremiah Otto, dattijon da ya shekara yana tara abinci da makamai yana jiran rushewar gwamnati. Yana da 'ya'ya biyu: Jake lauya mai son sulhu, da Troy wanda kisa ke ba shi nishaɗi. A ɗaya gefen akwai Qaletaqa Walker, jagoran 'yan asalin yankin, wanda ke cewa ƙasar ta kakanninsa ce, kuma an kashe mahaifinsa a kanta. A da kotu ce ke tsakaninsu, yanzu babu kotu. Duk wanda ya san yadda rikicin gona da burtali ke farawa daga tsohuwar gaba da ba a warware ba, ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan zango.

Abin da Madison ta yi a tsakiyar rigimar shi ne zuciyar fim ɗin. Ta san Troy makashi ne, ta rufa masa asiri saboda tana buƙatarsa. Ta gane gaskiya na wurin Walker, ta tsaya da masu gonar saboda a nan 'ya'yanta ke da gado da abinci. Da sulhu ya buƙaci ran Jeremiah, Nick ya harbe shi, ita kuma ta kai wa Walker kan Jeremiah. Ba ta taɓa cewa tana yi don al'umma ba, kullum don Nick da 'yarta Alicia ne, su kuma 'ya'yan suna kallon abin da uwarsu ke zama suna ja da baya. Kim Dickens ta taka wannan rawa ba tare da ihu ko kuka ba, abin da wasu suka ɗauka rashin iyawa ne, alhali halin matar ke nan.

Sai aka gano ruwan ƙarƙashin gonar ya kusa ƙafewa, labarin ya haɗe da madatsar ruwa ta Tijuana, inda duk wanda ke riƙe da famfo shi ne sarki. Kashi biyu sun isa a auna zangon da su. Na 4, wanda kusan gaba ɗayansa da harshen Sifaniyanci aka yi shi, yana bin Daniel shi kaɗai. Na 13 kuwa ya kulle mutanen gonar a rumbun ƙarƙashin ƙasa, garke a sama, hanyar iska ta toshe. Alicia, yarinyar da aka fara fim ɗin tana shirin shiga jami'a, ita ce ta roƙi waɗanda aka ciza su fito, ta yi musu allura ta ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya don iskar ta ishi sauran. Duk da haka iskar ba ta isa ba. Zangon ya rufe da Nick ya tarwatsa madatsar da nakiya.

Abin da ya faru a 2018

Erickson ya sauka bayan zango na 3. Ya bayyana a hirarraki cewa niyyarsa ita ce a bi Madison har ta zama irin azzaluman shugabannin da ake yaƙa a uwar. Wannan hanya ba a ƙarasa ta ba. Andrew Chambliss da Ian Goldberg suka karɓi ragama, Scott Gimple na kula da duk rassan daga sama. Ranar 15 ga Afrilu 2018 aka rufe zango na 8 na uwar, a daren kuma aka buɗe zango na 4 na Fear da Morgan Jones, wanda Lennie James ke fitowa a matsayinsa, ya baro Bajiniya ya nufi Texas.

Don a haɗa lokutan biyu sai aka tsallake kusan shekara 2. Aka bar Meziko, aka dusashe launin hoton, aka bar zancen madatsar ba cikakken bayani. A kashi na 3 aka kashe Nick, domin Frank Dillane, wanda ke fitowa a matsayinsa, da kansa ya nemi tafiya. A kashi na 8 aka nuna Madison ta sadaukar da ranta a wani filin wasan ƙwallo, kuma Dickens ta faɗa cewa ba ita ta zaɓi barin ba. Da ma Travis ya mutu tun farkon zango na 3. Cikin kashi 8 fim ɗin iyali ya rasa iyalinsa.

Jigon ma ya juya. Tambayar da ita ce: ina iyakar abin da za ka aikata don naka su rayu? Sabuwar ita ce: ta yaya za ka fanshi laifinka ta hanyar taimakon baƙo? Morgan da mutanensa suka riƙa ajiye kwalayen abinci a bakin titi da rubutun cewa kowa ya ɗauki abin da yake buƙata ya bar saura.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare sabon salon suna cewa masu kallo sun riga sun ragu sosai tun zamanin Erickson, dole a yi wani abu. Wannan gaskiya ne. Suna kuma nuna sababbin mutanen da aka kawo, musamman John Dorie, tsohon ɗan sanda mai taushin zuciya da Garret Dillahunt ya fito a matsayinsa. Kashi na 5 na zango na 4, wanda ke nuna yadda ya tsinci wata mata a bakin rafi ya yi jinyarta a bukkarsa, yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a duk rassan. Zango na 6, inda kowane kashi ke bin mutum ɗaya ko biyu a ƙarƙashin mulkin wata mata mai suna Virginia, shi ma ya dawo wa fim ɗin da martaba.

Masu suka kuwa suna cewa taimako ba laifi ba ne, rubutun ne ya yi rauni. Mutane suka koma faɗar abin da ke ransu a baki maimakon a gani a aikinsu. Rediyon hannu ya zama yana kai ko'ina. A zango na 5 mutanen da ba matuƙa ba suka gyara jirgin sama suka tashi da shi, aka kuma yi tafiya a balan-balan mai siffar kwalbar giya. A ƙarshen zango na 6 wani shugaban ƙungiyar asiri, Teddy, ya harba makaman nukiliya daga jirgin ƙarƙashin teku a gaɓar Texas, tunani mai ƙarfi, amma zango na 7 ya kasa riƙe dokar da ya kafa: yau iska na kisa, gobe a cire abin rufe fuska a yi hira. Matattu kuma suka yi ta dawowa, Madison a ƙarshen zango na 7, Troy a na 8, har mutuwa ta daina ba da tsoro. A fim ɗin da jarinsa ke nan, wannan babbar asara ce.

Hujjar masu suka ta fi nauyi. Sauyin bai dawo da masu kallo ba, domin zangon ƙarshe bai kai mutum miliyan 1 a daren nunawa ba, ko da yake a lokacin jama'a da yawa sun bar kebul sun koma manhajojin kallo. Abin da aka yi hasara shi ne abin da ya bambanta Fear da uwarsa, wato labarin da ke bin mutanen da za su zama abin tsoro, ba waɗanda ke gudun abin tsoro ba.

Yadda za a kalle shi

Kowane kashi kimanin minti 45 ne, saboda haka duka 113 sun kai wajen awa 85. Zango ukun farko kashi 37 ne, wajen awa 28, kuma ba sa buƙatar a san komai game da uwar. Wanda zai tura a waya ko ya sauke da datarsa, waɗannan zai fara nema, ya kuma tabbatar akwai fassarar rubutu a ƙasan hoto, domin Sifaniyanci na da yawa a zango na 2 da na 3. Kwafin da ba shi da ita zai sa kashi na 4 na zango na 3 ya tafi a banza. Kada a yanke wa fim ɗin hukunci a tsakiyar zango na 2, wurin da yawanci ke sarewa ke nan. Fashewar madatsa tana iya zama ƙarshe mai gamsarwa ga wanda ya tsaya a nan.

Wanda zai wuce gaba ya shiga da sanin cewa sabon fim ya fara, kuma ya san waye Morgan tukuna. Kashi uku na uwar sun wadatar: na 1 a zango na 1, na 12 a zango na 3, da na 4 a zango na 6, inda wani mutum mai suna Eastman ya koya masa faɗa da sanda da ƙin kisa. Dwight, wanda ya shigo Fear a zango na 5, labarin ƙunar fuskarsa da matarsa Sherry yana zango na 6 zuwa na 8 na uwar. Mai ƙarancin lokaci zai iya kallon rabin farko na zango na 4, ya ɗauki kashi na 5 da na ƙarshe a zango na 5, ya wuce na 6. Kashi na 5 na zango na 5 ɗin ne ke gabatar da wata rundunar soja mai suna CRM, mai jirage masu saukar ungulu, wadda ta ɗauke Rick.

Ga iyaye: wannan ba fim ɗin yara ba ne, kuma a Amurka ma a rukunin manya aka sa shi. Akwai jini da yanke gaɓoɓi a fili, akwai shaye-shaye tun daga minti na farko, akwai azabtarwa da kashe kai, akwai mu'amalar soyayya har da ta jinsi ɗaya a labarin Strand da na wata 'yar jarida, Althea. Wayar da ke yawo a hannun yaran gida ba wurin ajiye shi ba ce.

Sauran rassan

Bayan Fear an yi World Beyond, kashi 20 tsakanin 2020 da 2021, kan matasan da suka tashi bayan annoba, sai Tales of the Walking Dead mai kashi 6 a 2022, kowanne da labarinsa. Da uwar ta ƙare a Nuwamba 2022 da kashi 177, sai aka raba manyan taurarinta: Dead City ya kai Maggie da Negan tsibirin Manhattan a 2023, Daryl Dixon ya kai Daryl Faransa a shekarar, daga baya Sifaniya, The Ones Who Live kuma ya haɗa Rick da Michonne a kashi 6 a 2024. Waɗannan ukun ci gaban uwar ne kai tsaye, wanda bai gama ta ba zai ɓata a cikinsu. Zangonsu gajeru ne, kashi 6 zuwa 8, saɓanin 16 da ya sa tsakiyar zangunan Fear ke jan ƙafa. Fear ne kaɗai a cikinsu ya gina zangonsa na farko a kan kwanakin farko, lokacin da makarantu ke buɗe, maƙwabci na gaida maƙwabci, kuma wanda aka ciza ana kai shi asibiti.